Jakar Ƙanena ta Mongoliya

Ni na yi kiwo a gidanmu. Tun ina ƙarami nake kora shanun Baba daga rugarmu ta wajen Shanga zuwa bakin ruwa, har na girma na zama malamin allurar dabbobi a Yelwan Yauri. Ƙanena kuwa boko ya bi har jami'a, ko tatsar nono bai iya ba. Amma da wata ƙungiya ta tashi tura mutum Mongoliya ya yi wata guda cikin makiyayan can, shi aka zaɓa.

Ya iso gida da takarda a hannu, bakinsa har kunne.

"Yaya, ka raka ni kasuwa. Kai ka san kayan daji."

Na ce to. Ban yi masa barka ba sai da Inna ta harare ni.

Takardar ta lissafa abin da zai buƙata, domin an ce can fili ne fetal, sai ka wuni a mota ba ka ga shago ba, kuma sanyin yana fasa leɓe. Muka fara da 'yan gwanjo. Mai rumfar ya tono wata jibgegiyar rigar sanyi daga ƙasan dila, ƙanena ya saka ta cikin zafin Yauri, gumi na tsiyaya, masu kifi suna ta dariya. Muka sayi safa mai kauri, da hular da ke rufe kunne, da tocila, da abin cajin waya mai aiki da rana, da maganin gudawa. Duk abin da ya ɗauka sai na sami abin kushewa. Da muka zo kan takalma na zura ƙafata cikin wani mai dogon wuya, wai ina duba masa. Ya zauna mini daram. Na daɗe ban cire ba.

Inna ta ƙara nata: kilishi, yaji, ƙuli-ƙuli, da 'yar buta.

"In suka ba ka nono, ka karɓa da dama, ka kurɓa ko ba ka so," in ji ta. "Makiyayi ba ya manta wanda ya ƙi ƙwaryarsa."

"An ce har nonon goɗiya suke sha, Inna."

Sai na ce, "Wanda madarar gwangwani ke ɓata wa ciki?" Ba wanda ya yi dariya.

Bayan tafiyarsa hotuna suka riƙa zuwa jefi-jefi. Ga shi kan gajeren doki, ga shi ƙofar wata farar bukka mai kama da kifaffiyar ƙwarya, bayansa tumaki har ƙarshen gani. Ina buɗewa in rufe, in sake buɗewa.

Wata safiya ina garin Wara ina yi wa shanu rigakafi, sai ga kiransa. Yana haki, ya hau tudu neman sabis.

"Yaya, saniyar mai masaukina ce cikinta ya kumbura kamar ganga. Sun zuba mini ido, wai daga ƙasar shanu nake. Me zan yi?"

Allah ya sani, zuciyata ta raya mini in ce layin ba ya fita. Amma na jiyo nishin saniyar a raina. Na ce ya ɗura mata man girki a hankali, ya gitta mata sanda a baki ta yi ta tauna, a tsayar da gabanta kan tudu, sannan a zaga da ita.

Saniya ta tashi. Aka yanka masa tunkiya, dattijon gidan ya yafa masa shuɗin mayafi na girmamawa a gaban jama'a.

Da ya dawo na tambaye shi ko ya faɗa musu wanda ya koya masa.

"Na faɗa, Yaya. Ban dai sani ba ko tafinta ya fassara."

Mayafin ya miƙo mini. Na ce ya bar abinsa, shi aka ba. Inna ta karɓe ta shimfiɗa a kan akwatinta.