Ranar da Turmai Ya Tafi da Mahaifiyata a Alƙahira

Shekarun baya can, tun Nasara bai shigo ƙasarmu ba, na ɗauki mahaifiyata daga Tambuwal muka nufi aikin Hajji. Hanyar gabas ba lafiya a lokacin, sai muka bi ayarin Agadas har Tarabulus, daga can jirgin ruwa ya kai mu Masar. Shekara biyu muna tafe, ban taɓa barin tsohuwar nan ta ɓace wa idona ba. Har shawara nake ba mutane kan yadda ake kula da iyaye a hanya.

A Alƙahira Inna ta ce ba za ta bar garin ba sai ta tsaya a bakin kogin da aka saka Annabi Musa yana jariri. Mai masaukinmu ya ce tafiyar ƙasa ta fi ƙarfinta, mu hau turmai. Wani abu ne kamar doguwar rumfa mai kujeru, yana gudu a kan ƙarafa biyu da aka shimfiɗa a tsakiyar hanya, ba doki ba raƙumi. Mata da wajensu daban, maza da nasu.

Da hantsi muka je inda yake tsayawa. Na kama hannun Inna na hau da ita ɓangaren mata, ta zauna kusa da wata mai kwandon ganye. Na sauko zan zagaya wajen maza, sai na yi kiciɓis da wani dattijo mai tsagar gida a fuska, irin ta mutanen yankinmu. Na yi masa sallama da Hausa. Ya tsaya cak.

"Kebbe anka haife ni," in ji shi. "Shekarata goma sha fuɗu garin ga."

To, wa zai ga mutumin Kebbe a Masar ya wuce shi da sallama ɗaya? Na durƙusa muka shiga gaisuwa. Ya tambayi damina, ya tambayi kasuwar Dogon Daji, ya tambayi rijiyar bakin masallacinsu. Na ji wata ƙararrawa tana kaɗawa, ban kula ba. A saninmu ayari ba ya tashi sai madugu ya duba kowa, mai kwalekwale ma yakan jira ka gama sallama da mai rakiyarka. Na ɗauka shi ma wannan zai jira.

Ina ɗago kai na ga bayan turmai yana shan kwana. Daga baya Inna ta gaya mini ta ga lokacin da ya motsa, tana ta cewa "kai, kai wanga". Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ranar ma ba ta kira ba.

Inna tsohuwa ce da ba ta jin Larabci sai na salla, ba ta san sunan unguwar da muka sauka ba. Na tattare riga zan bi shi da gudu, dattijon ya damƙe ni.

"Ina za ka, Malam? Ba ka cim mai. Wanga abu ba shi da wata hanya sai wagga da kaka gani. Inda yab bi, nan za shi komowa. In dai ba ta sauka ba."

"In kuwa ta sauka fa, Baba?"

Dattijon ya ajiye kayansa ya zauna kusa da ni, ya bar duk abin da ya fito yi.

Turmai uku suka dawo, kowanne sai na ruga na leƙa wajen mata, har wani ma'aikacinsu ya daka mini tsawa. Ban ɓoye ba, kuka na yi, da gemuna da rawanina. Ina ta tunanin bakin da zan kalli ƙannena da shi in ce na haye Sahara da uwarmu lafiya, na zo na yar da ita garin gaisuwa.

Ana kiran azahar na huɗun ya tsaya. Ga Inna zaune inda na ajiye ta, da guntun gurasa a hannu, mai kwandon ganyen nan tana riƙe da gefen mayafinta. Matar ta sauko da ita har gabana, ta zazzaga mini faɗa da Larabcin da ban tsinci ko rabinsa ba, amma na san na ci shi. Kafin in haɗa kalmar godiya ta koma ta hau, turmai ya ja.

Inna ta dube ni, ta dubi dattijon. "Kun gama gaisawa?"

A hanyar masauki ta ba ni labari. "Diro nis so yi, wagga baiwar Allah tar riƙe ni. Ina ta nuna mata baya ina faɗin ɗana, ita ko tana buga mani kujera. Wurin saukarta yaz zo, taƙ ƙi sauka. Har bakin gulbin munka je, tan nuna mani shi, da wata gada mai zakoki na ƙarfe." Ganyen matar kuwa, in ji Inna, ya yi yaushi kafin su dawo, ga alama kasuwar ranar ta wuce ta.

Washegari na ce mu koma tare ni ma in ga zakokin. Inna ta ce ita ta gani, kuma ba ta sake yarda da ni a bakin turmai.

Mun yi Hajjinmu, mun dawo gida, Inna ta ƙara shekaru kafin Allah ya karɓi abarsa a ɗakinta, cikin jikokinta. Duk lokacin da na tuna cewa a Tambuwal na binne ta da hannuna, na san kabarinta, sai in ji godiya ta cika mini ƙirji. Dattijon Kebbe na san shi, mun yi sallama yadda ya kamata. Matar nan ce ban san sunanta ba, ko fuskarta ban gani sosai ba. In na yi wa Inna addu'a, sai in ce Allah ya haɗa da mai kwandon ganye, Shi ya san ta.