Makwarwar da Baba Bai Ji Ba

Mahaifina ma'aikaci ne a wani ƙaramin ofishi mai kula da namun daji a Tamale. Duk shekara in an gama girbi, kafin mafarauta su fara cinna wa ciyawa wuta, akan raba ma'aikatan cikin jejin da ke bayan Sagnarigu don a san ko makwarwa da zomo suna ƙaruwa ko raguwa. Zomo da ido ake ƙirga shi: mutum ya durƙusa a wani fili da aka kafa wa turaku, ya duba kashinsa. Makwarwa kuwa da kunne. Za ka tsaya gindin bishiyar da aka shafa wa jan fenti, da sassafe, ka yi tsit na ɗan lokaci, ka ƙirga tsuntsu nawa suka yi kuka. Ba a canja bishiyoyin, ba a canja lokacin, mai sauraron ma ba a son canja shi, don a iya kwatanta bana da bara. Tun kafin a haife ni Baba ne mai sauraro a layinsa, wato jerin bishiyoyin da aka ba shi.

Sauran watanni yana ofis, kansa cikin takardu. Amma in lokacin ƙirga ya kusa, sai ka ga ya fito da takalmansa na roba ya wanke, ya jingine su a bango suna shan rana. Muna yara yakan dawo gidanmu na Changli da ƙayar ciyawa a wando, ya tsaya tsakar gida ya kumbura wuya yana kwaikwayon kukan makwarwa, har kajin Mma, mahaifiyarmu, su watse.

Sai ga shi ya fara dawowa a sanyaye. "Suna ƙarewa," yakan ce, yana kwance igiyar hularsa. "Gari ya cinye jeji. Inda nake jin dangi guda, yanzu da ƙyar in ji ɗaya."

A cikin shekarun nan ne kuma rediyonsa ya fara ƙara murya. Mma za ta ƙwala daga madafa, "Maigida, tuwo ya sauka!" Shiru. Ta sake. Sai maƙwabcinmu ya amsa ta bayan katanga, "Mun gode, Hajiya, ga mu nan tafe!" In an yi wa Baba maganar, sai ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki, kowa yana magana kamar ya cusa goro a kumatu.

Wata shekara ina gida hutun jami'a, Mma ta ja ni ɗaki. "Gobe ki bi shi. In mota ta taho ta bayanku, ki taɓa masa kafaɗa. Kuma ki riƙe bakinki. In mutanen ofis suka gane, za su karɓe masa layin nan, shi kuwa ba abin da yake so a aikin sai shi."

Muka fita bayan sallar asuba, ina bayansa a kan babur. Masu koko suna hura wuta, masu keke suna wucewa da buhunan gawayi. Da gidajen bulo suka ƙare sai gonaki, sai kaɗanya a warwatse kamar tsofaffi da suka fito shan hantsi. Wani manomi Badagombe ya tare mu da gaisuwa. Baba ya rusuna yana ta "Naa, naa." Gaisuwarsu doguwa ce, amsar kuwa ɗaya, don haka ko ka ji ko ba ka ji ba, ba mai kama ka. Mutumin ya tambaye shi wani abu dabam, Baba ya ce "Naa," muka wuce.

A gindin bishiyar farko ya nuna min dabararsa. Ƙwayar masara ce a aljihun dama; duk tsuntsun da ya ji, sai ya mai da ƙwaya ɗaya aljihun hagu, don kada ya ɗauke hankali daga sauraro. Ya ɗaga yatsa, muka yi tsit.

Ban taɓa tsayawa haka ba. Raɓa ta jiƙa min bakin zane, gabas ta yi ruwan zuma. Kusa da mu wata makwarwa ta fasa kuka, mai kaushi, kamar ana goga ƙarfe a dutse. Hannun Baba ya motsa. Sai wata ta amsa daga kwari, wata daga gonar dawa, wata can nesa wajen wata ɗorawa, har na rasa ina zan juya. Na dubi hannunsa. Yana nan cikin aljihu, bai motsa ba.

Haka a bishiya ta biyu. A ta gaba, jejin duka yana amsawa, Baba ya sauke numfashi ya ce, "Kin ji ko, uwata? Shiru kamar maƙabarta. Nan fa da ba ka jin muryar na kusa da kai."

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake ce min uwata. Na tuna gargaɗin Mma. Na dubi fuskarsa, fuskar mutum mai makoki, alhali waɗanda yake wa makokin suna ta hira a kansa. Na kasa riƙe bakina.

"Baba, suna kuka."

"Me?"

Na matsa kusa da kunnensa. "Suna kuka! Ta nan, da ta can, da ta can!"

"Kar ki yi min ƙarya don ki faranta min rai."

Na kama hannun rigarsa na ja shi. Ya ce ba a barin gindin bishiya, doka ce, amma ya biyo ni. Muka kutsa ciyawa zuwa kwarin. Kafin mu kai, sai suka tashi fir, garke guda, masu ƙiba, launin ƙasa, suka yi ƙasa-ƙasa suka faɗa gonar dawa.

Baba ya zauna a kan wani suri. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "'Yan banza! Ashe kuna nan! Ni ina can ina ƙin cin tuwo saboda ku!" Ya goge ido da bayan hannu. Daga nan dariyar ta tsaya, ya dubi takalmansa.

"Ke nan abin da nake kai wa ofis a shekarun nan ba daidai ba ne."

"Baba, sai in riƙa biyo ka duk shekara. Ni in ji, kai ka ƙirga. Ba wanda zai sani."

"Ke da za ki gama karatu wani ya zo ya ɗauke ki?" Ya girgiza kai. "Ba haka ake aikin nan ba. Wata rana wani zai dubi ƙirgan nan ya yanke hukunci a kan jejin mutane."

"Za su cire ka."

"Za su cire ni," ya ce, ya miƙe yana kakkaɓe wando.

Da muka koma, Mma ta dube ni sau ɗaya ta gane. Ludayi ya sha wahala a tukunya. Baba ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi ofis shi kaɗai.

Da la'asar ya dawo da ƙunshin ƙosai. Muka tsaya muna kallonsa.

"Sun ba wata yarinya layin," ya ce. "Ni zan zaga da ita in nuna mata bishiyoyin. Ni kuma sun ba ni zomaye."

"Zomaye?" in ji Mma.

"Kashinsu."

Mma ta toshe baki da gefen mayafi, tana danne dariya. "Da gwiwoyin nan naka? To Allah ya sa a samu mai ɗaga ka."

Wannan kam ya ji, don ta faɗa da ƙarfi. Ya harare ta, ya ja kujerarsa inuwa ya zauna, ya daɗe bai taɓa ƙosan ba. Can ya yafito ni, ya nuna gefensa na dama.

"Zo ta nan, uwata, nan ya fi ɗan ji. Faɗa min tun daga bishiyar farko. Ta ina da ina suka yi kuka?"