Robar Hannun Malam Bube

Duk wanda ya yi karatu a zauren Malam Bube na Yashe ya san ba a yi wa alwala gaggawa. Yakan mayar da ƙato mai gemu bakin buta saboda ɗigon fenti a farce. Ana tsoronsa, ana kuma sonsa, don bai taɓa ɗora wa wani abin da bai ɗora wa kansa ba.

Ciwon suga ya cinye shi, aka wuce da shi daga asibitin Kankia zuwa wani babban asibiti. Can aka ɗaura masa roba mai ɗauke da sunansa da baƙaƙen layuka a wuyan hannu. Kafin a ba majinyaci magani sai nas ta haska robar da na'ura, na'urar ta nuna maganin mai ita. Ana ta yabon abin, wai ya hana a ba wani maganin wani.

Malam bai ƙi na'ura ba. Robar ce ta tsaya masa a rai, ta zauna daidai inda ruwa zai bi. Da yake ya rame, sai ya riƙa zare ta yana ajiyewa a gefen famfo.

A gadon kusa da shi akwai Sada, manomin Sukuntuni, wanda ciwon hanta ya mayar ƙashi da fata.

"Malam, ni hwa? Tawa alwallar ta yi?" in ji Sada.

"Ba ta yi ba. Zare ta."

Sada ya zare, har da godiya.

Wata la'asar suka yi alwala tare, kowa ya ɗauki roba ya zura, ba wanda ya duba. Sabuwar nas ta haska hannun Sada, na'ura ta nuna allurar suga, ta yi masa. Ina ruwanta da tambayar suna, tunda na'ura ta yi magana? Sada ya jiƙe sharkaf da gumi, ya yi shiru, aka ce barci ne. Kafin a ankara rai ya yi halinsa.

Da likita ya juya hannun Malam ya karanta sunan Sada, sai Malam ya gane komai. Iyalan mamacin kuwa, cewa kawai aka yi da su kwana ya ƙare.

Ashiru, babban ɗan Sada, ya durƙusa gaban gadon Malam yana hawaye.

"Malam, Baba kullum shina ambatonku. Ku za ku sallace shi."

Aka tallabo Malam zuwa harabar masallacin asibitin, sahu ya daidaita a bayansa. Malam Bube ya ɗaga hannu zai yi kabbara, murya ta ƙi fita.