Kawu Sale da Akuyar da Ta Je Gasa

Duk wanda ya yi firamare a Rurum a hannun Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya san ba da ido yake fara duba zane ba. Kana miƙa masa takardarka zai tura tabarau goshi, ya kai ta hanci, ya ja numfashi kamar mai sayen turare, sannan ya ce, "To, me ka ce ka zana?"

Malamin zane ne, amma bai taɓa yarda da fentin kanti ba. Wai warin asibiti yake yi, kuma yaro ba ya farin ciki a asibiti. Ja a wurinsa zoɓo ne, kore kuka, rawaya kurkur, baƙi gawayi, a dama da ɗan ƙaro. Inna Hajara, matarsa, ta sha ɗora tukunya ta nemi kayan miya ta rasa.

"Malam, ina kukata?"

"Tana aji huɗu, ta zama bishiya."

"To yau da bishiya za ka ci tuwo."

Ina ajinsa ya ce mu zana kasuwa. Muka yi zuru, kowa na tauna fensir. Washegari sai ga shi da ƙullin daddawa. Ya rufe tagogi, ya ce kowa ya rufe ido, ya bi layi yana kai mana ita hanci.

"Me kuke gani?"

Wani ya ce rumfar 'yan koli, wata ta ce kakarta. Muna tsaka da zane hedimasta ya leƙo, hula a kan hanci.

"Malam Sale, ɓera ne ya mutu a ajin nan?"

"Ranka ya daɗe, darasi ne."

Hedimasta ya zaga ya duba takardunmu, ya ga kasuwa ta ci har da mai awo da kwanonta. Ya juya zai fita. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Don Allah, gobe a zana lemo."

Amma babban labarin shi ne na gasar makarantu da aka shirya a Rano, har da 'yan Kibiya. Mun daɗe muna shiri. Ana gobe tafiya muka shanya zanenmu a baranda, muka fita hutun tara. Kafin mu dawo akuyar maƙwabta ta shigo. Ku tuna da me aka yi fentin. Ba ta bar mana komai ba sai gefen takarda. Muka fashe da kuka, Binta 'yar ajinmu har da birgima.

Kawu ya tsuguna yana duba guntayen. "Na wa ta cinye ƙarƙaf?"

"Na Binta."

"Share hawayenki, ke ce ta ɗaya. Wannan alƙaliyar ba ta san ɗan kowa ba."

Da safe aka zuba mu a mota, shi kuma ya biyo mu a babur, akuyar ɗaure a baya. Aro ya je ya yi wurin mai ita! Alƙalan gasa suka ce, "Malam, ina aikin ɗalibanka?"

Ya shafa cikin akuyar. "Ga shi nan. Ban so a ce mun zo hannu rabbana."

Sai da dariya ta lafa ya roƙi a ba mu takarda da ɗan lokaci. Ya kwance jakarsa, ga zoɓo ga kuka. A ƙarƙashin wata darbejiya muka sake zanawa, ni ina riƙe da igiyar akuya da hagu. Mu muka zo na biyu. Kun san kyautar? Kwalin fentin kanti. Kawu ya buɗe, ya shinshina, ya yamutsa fuska. Da shi aka shafe ƙofar ofishin hedimasta.

Ganina da shi na ƙarshe yana kwance ba lafiya, na je da yarana na yi musu wanka fes. Ƙaramar ta zauna a ƙasa tana wasa da laka a gindin randa, na daka mata tsawa. Kawu ya riƙo hannuna, muryarsa da ƙyar take fita.

"Ƙyale ta, 'yata. Riga ai ana wankewa."

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya faranta ran yaran mutane, Allah ya faranta nasa. Amin.