Ihun Ƙwallon Ƙafa a Zauren Kwando

A shekarun da na yi ina karatu a Alƙahira ban taɓa shiga filin ƙwallon ƙafa ba. Ba rashin so ba ne. Lokacin an hana 'yan kallo shiga, sai a buga wasa kujeru wayam, mu kuma mu kalla a talabijin. Akwai wani gidan shayi a unguwar Darrasa, bayan layin masu sayar da littattafai, nan muke tarewa mu 'yan Najeriya, kowa da kofinsa, mu yi ta musu da Misirawa. Idan aka shiga zagayen sili ɗaya ƙwale kuwa, ko darasi ba ya shiga kaina sai an gama.

Abokin ɗakina Badamagare ne, dogo har sai ya sunkuya yake shiga banɗaki. Shi ba ruwansa da ƙwallon ƙafa. Ƙwallon kwando yake buga wa kwalejinsu, kuma shi kaɗai ne baƙo a cikin 'yan wasan. Ni na raina wasan nan, ba na kuma ɓoyewa. Wasan da ake cin ƙwallo kowane minti, ina daɗinsa? Haka nake tsokanarsa, shi kuma ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaure takalminsa.

Shekararsa ta ƙarshe ce. Da an gama jarrabawa gida zai koma. Mahaifinsa ya riga ya tanadar masa aji a makarantar unguwarsu, ya kuma san daga nan shi da ƙwallo sai labari. Ana saura kwana kaɗan a buga wasan rufe kaka, muna cin ful, dafaffen waken Misirawa, da burodi, ya ce mini:

"Malam, duk wasan da na buga a garin nan babu Bahaushe ɗaya da ya gani. Abokan wasana iyayensu na zuwa, ƙannensu na zuwa. Ni in na koma na ce na yi balo a Masar, wa zai shaida?"

Na tambayi ranar. Ta faɗo daidai da wasan ƙwallon ƙafa na kusa da na ƙarshe da muka daɗe muna jira, duka biyun bayan la'asar. Raina ya sosu ƙwarai, amma na ce za mu zo. Na sha fama kafin na ɓamɓaro mutanena daga gidan shayi. Wani har cewa ya yi in aka ci ƙwallo ba ya nan, bai yafe mini ba.

Muka cika ƙaramar bas guda muka tafi. Zauren wasan ɗan ƙarami ne, rufaffe, sai warin gumi da roba. 'Yan kallon galibi iyaye ne da 'yan'uwa, suna zaune suna ɓare 'ya'yan kankana. Babu ɗayanmu da ya taɓa kallon wasan nan, ko dokokinsa ba mu tambaya ba. Mun ɗauka ƙwallo ai ƙwallo ce.

Ba a daɗe da farawa ba mutuminmu ya yi tsalle ya zura ta a kwando. Muka miƙe gaba ɗaya. Ihu, rungume juna, wani ya wurga hularsa sama, wani Bakano ya dira daga benci ya yi sujada a bakin layi. Kafin ya ɗago kai ɗaya ɓangaren sun rama, namu sun sake ci. Duk da haka ba mu daddara ba. Shekaru muna tara ihun filin wasa a ciki, yau ga wuri ya samu. Duk ƙwallon da ta shiga sai mu yi mata bikin da ake yi wa ta minti na casa'in. Misirawan suka bar kallon wasa suka koma kallonmu.

Abin ya ɓaci ne da aka yi wa mutuminmu ƙeta, alƙalin wasa ya ba shi jifa biyu daga kan layi, babu mai tare shi. Ashe a nan magoya bayan mai jifa shiru suke yi, abokan hamayya ne ke hayaniya don su rikita shi. Mu kuwa fenareti muka gani. Muka hau dukan benci muna kiransa da iya ƙarfinmu. Ta farko ta bugi ƙarfe ta dawo, ta biyu ko ƙarfen ba ta taɓa ba.

Kocinsu, wani gajeren dattijo mai furfura, ya nemi hutu, ya yi masa magana yana nuno mu. Sai ga mutuminmu ya taho, gumi na zuba.

"Don Allah, ya shabab," ya ce, wato samari da Larabci, "in zan yi jifa ku yi shiru. Koci ya ce in kun sake, benci zan koma, khalas, shi ke nan."

Mun zo ganinsa yana wasa, ga shi muna neman zaunar da shi a wasansa na ƙarshe. Daga nan muka kame kamar muna gaban malamin tafsiri. Ya ci, mu dubi juna. Ya ƙwace ƙwallo, mu gyaɗa kai. Wata dattijuwa da ke gabanmu, uwar ɗaya daga cikin 'yan wasan, ta ga abin namu ya koma ban tausayi. Ta juyo ta karɓi ragamarmu. In ta ɗaga hannu mu ɓarke da ihu, in ta sauke mu yi tsit. Da hannun matar nan muka ƙarasa kallon, shi kuma ba a cire shi ba har aka hura usur.

An cinye su da tazara kaɗan. Muka jira shi a ƙofa. Ya fito da jaka a kafaɗa, ya tsaya a gabana.

"Kun gani dai ko?"

"Mun gani," na ce. Ihu ya disashe mini murya.

"Har ƙwallon da na haye kan wancan mai gemun na zura?"

"Har ita."

Ya gyaɗa kai. Tausayinsa ya kama ni sosai, don na san ba zai ƙara shiga zauren nan da takalmin wasa ba. A mota ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kujerar baya, ya ce mu ba shi labarin wasan tun daga farko, kamar ba shi ya buga ba. Muna faɗa da disassun muryoyi, yana gyara mana inda muka yi kuskure, har muka iso Darrasa.