Tsohon da Ke Neman Hula ta Gaske

A kasuwar tsofaffin kaya ta birnin Rostov, Zinaida mai busasshen kifi tana kallon wani baƙon tsoho. Dogo ne, gashin bakinsa fari fat, wandonsa da jan layi irin na Kosak, jinsin mayaƙan dawakin yankin, hannunsa na dama kuwa ba ya barin aljihu. Yana tsaye gaban teburin Arkadi mai sayar da tsofaffin kayan soja, ya ƙura wa wata hular sojan kwaminis mai tsini da jan tauraro ido.

"Ta gaske ce?" in ji tsohon.

"Baba, daga yaƙin basasa ta fito!" in ji Arkadi. "Ga ramin harsashi, ga jinin mai ita."

Zinaida ta san jinin nan: ruwan shayi ne, ramin kuma aikin ƙusa.

Sai tsohon ya cafki ƙeyar Arkadi, ya buga fuskarsa da tebur, lambobin soja suka watse. Wuƙa ta fito daga aljihu, ta tsaya a maƙogwaron Arkadi.

"Masu wannan hula suka yanka kakana a ƙofar gidansa, suka rataye ƙannensa. Kai jikan wa ne a cikinsu, da ka gaje ta?"

"Jabu ce!" Arkadi yana ihu, hancinsa na zubar da jini. "Na rantse, surukata ta ɗinka ta bara!"

Tsohon ya sansana hular, ya yar. Takaici kawai Zinaida take gani a fuskarsa. Wa ya san kasuwa nawa ya zaga da wuƙar nan?

Ga shi can ya nufi teburin gaba, inda tuni mai kaya ya ɗaga hannu sama: "Baba, nawa duk jabu ne!"