Baƙin Bajo a Ƙirjin Nedra

Duk wanda ya san Nedra Tolman a garin Rigby na jihar Idaho, da abu biyu ya san ta: burodinta da bakinta. Burodin kam laushi, bakin kuwa sai dai a yi haƙuri. 'Yar masu shanun madara ce, da tatsar asuba ta tashi. Tana 'yar sha tara ta auri Verl Tolman, ta bi shi gonar dankali, ta haifa masa 'ya'ya shida. Shi Verl mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa. In ta ɗauko faɗa sai ya bar ta ta kai aya, sannan ya ce, "To Nedra, an gama? Miƙo min gishirin nan."

Tun da ƙuruciyarsu suke cewa in yara sun kama gabansu za su tafi aikin mishan tare, kamar yadda dattawan cocinsu na Mormon ke yi. Yara suka kama gabansu, gona ta koma hannun babban ɗansu, furfura ta gama cinye kai, sannan suka ba da sunansu. Nedra ta sa rai da ƙasa mai rana, har ta ɗinka riguna marasa nauyi. Da kira ya zo, sai ga shi an tura su wani ɗan gari can arewacin Saskatchewan a Kanada, inda ƙanƙara ke tokare ƙofa rabin shekara. Verl ya yi dariya har da hawaye.

"Ke kika roƙi Allah canjin iska," in ji shi. "To ga ta nan an ba ki, har da gyara."

Ranar da aka keɓe su don aikin, aka ba kowannensu ɗan baƙin bajo mai farin rubutu na maƙalawa a ƙirji. Nasa Dattijo Tolman, nata Sista Tolman. Ɗan mishan ba ya fita sai da shi, kuma ba a kiransa da sunansa na gida. Ga wata ƙa'idar kuma, abokan aiki ba sa rabuwa. Samari ake tsananta wa ita, tsofaffi an sassauta musu, amma Verl ya mai da ita abin tsokana. Ko a kanti ta ɓace masa bayan jerin gwangwanaye, sai ta ji shi yana cigiya: "Jama'a, wa ya ga abokiyar aikina? Za a kai ƙarata fa!"

Cocinsu a garin ɗaki ne guda da aka kama haya a saman wani shagon kayan gini. Shugaban wurin, Ɗan'uwa Pelletier, makanikin manyan motoci ne wanda bai daɗe da shiga cocin ba, har yanzu in ya ji ƙamshin gahawa, wadda cocin ya hana sha, sai ya haɗiyi yawu. Sauran masu zuwa mata ne da 'yan tsofaffi. Aikin Nedra da Verl shi ne bin gidajen waɗanda suka daina zuwa. Su yi ta tafiya cikin farin fili ba gida gaba ba gida baya, su isa, su ƙwanƙwasa. Wani ya leƙo ta taga ya saki labule. Wani ya karɓi burodin ya ce an gode, ƙofa garam. Ran Laraba suna raba kayan abinci a ɗakin taimako na gari, ran Juma'a su kai wata tsohuwa asibiti wankin ƙoda, su zauna a baranda suna jiranta har rana ta faɗi, ita kuwa ranar wurin da wuri take faɗuwa.

Mutanen garin ba su da mugunta, sai dai kowa ya riga ya cika da nasa. Suna gaishe ta, "Sannu, Sista Tolman," su wuce. Babu wanda ya san ta taɓa cin kyautar burodi a bajekolin gunduma, babu wanda ya san ta binne ɗa mai wata uku. Aka yi mata sabuwar jika, a waya ta gan ta. Aminiyarta ta rasu a Rigby, mata suka kai dankali da cuku gidan makoki kamar yadda aka saba, babu kwanonta a ciki. Kaɗaici ya ci ta ƙwarai. Ba ta ɓoye wa Allah ba, amma ta ɓoye wa yara. Abin da ke riƙe da ita shi ne muryar Verl daga cikin ɗaki: "Nedra, ina kika kai min tabarau?" A duk faɗin lardin, bakinsa kaɗai ne ya san wannan suna.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta fara lura. Wata rana suna dawowa daga asibiti ya tsaya a mararrabar da suke bi kullum, ya yi ta kallon hagu da dama. Ta ce idonsa ne, daga ranar ta karɓi tuƙi. Wata safiya ta same shi ya sa takalmin gona zai fita ba dankali ruwa, alhali ƙanƙara ta kai gwiwa kuma gonar tana wata ƙasa. Ta mai da abin wasa, shi ma ya yi dariya, ya kwance igiyar takalmin.

Nedra ta san wannan ciwo na mantuwa, don ita ta yi jinyar uwar Verl har tsohuwar ta rasu ba ta gane kowa. Ba korarsu gida take tsoro ba. Abin da take tsoro shi ne ranar da zai dube ta bai san ko wace ce ba. Sai ta yi wa kanta alama: muddin yana kiranta Nedra, to da sauran lokaci. Ta shiga rufa masa asiri. In za su shiga gida, ta raɗa masa sunan mai gidan a bakin ƙofa. In ya ɓace a tsakiyar magana, ta tsoma baki ta ƙarasa, mutane su ce wannan mata ba ta barin mijinta ya yi numfashi. Ta ɗauki zagin, ai da ma an san ta da baki.

'Yarta Karleen ta kira ran wata Asabar. "Mama, lafiyar Baba kuwa? Jiya ya tambaye ni yaushe zan gama sakandare."

"Ke kuma ba ki san ubanki da tsokana ba? Lafiyarsa ƙalau, ya fi ki ci."

"Mama."

"Na ce ƙalau. Je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri daga nan."

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A cocinsu, addu'ar da ake yi a kan burodi da ruwa na Jibin Ubangiji ba a ƙara mata ba a rage mata. Namiji ne ke durƙusawa ya faɗe ta, in ya kuskure ko kaɗan, shugaba ya girgiza kai, a sake daga farko. Akwai ɗan kati a kan tebur don masu mantuwa, amma Verl tun yana ɗan sha shida yake yin ta da ka, bai taɓa kallon katin ba. Wannan kuwa wuri ne da mace ba ta da ikon tsoma baki.

Ran Lahadin ya durƙusa, ya fara da muryarsa mai daɗi, ya kai tsakiya, sai ya zarce cikin addu'ar cin abinci ta gida. Pelletier ya girgiza kai a hankali, kamar mai neman gafara. Verl ya sake. Ya tsaya a wuri guda. Ya jawo katin, ya bi shi da yatsa, layin ya ɓace masa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin ɗumama ɗaki. Nedra na zaune a kujerar gaba, kalmomin na bakinta tsaf, ta danne su da haƙora har leɓenta ya yi jini. A ƙarshe Pelletier ya taso, da baƙin man inji a faratansa, ya durƙusa kusa da tsohon, ya dafa kafaɗarsa, ya karanta addu'ar da kansa.

Da aka tashi, ita da Verl suka shiga mota. Can ya juyo. Ta ga idonsa ya sauka kan ƙirjinta tukuna, sannan ya hau fuskarta.

"Ki yi haƙuri, Sista Tolman. Na ba ki kunya."

Gabanta ya faɗi. Sai yanzu ta tuna ya kwana biyu yana kiranta haka har a cikin gida, ita kuwa ta ɗauka tsokanarsa ce ta kullum. Ashe karantawa yake yi. Ta yi ta laluben ranar ƙarshe da ya ce Nedra, ta kasa tunawa, wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kuka sosai, shi kuma yana bubbuga bayanta da ladabi, irin yadda ake yi wa baƙuwa. Da suka isa gida ta kira shugaban mishan ta faɗa masa gaskiya.

Aka mai da su Rigby kafin wa'adinsu ya cika. Al'ada ce in ɗan mishan ya dawo, shugaban cocin yankinsu ya zaunar da shi a ofis, ya gode masa, ya sallame shi, sannan ya ce ya cire bajonsa. Yara da jikoki suka cika baranda. Shugaban ya yi musu godiya, ya ce, "To, Ɗan'uwa Verl, 'Yar'uwa Nedra, aiki ya ƙare. Sai ku cire."

Ta cire wa Verl nasa. Ta cire nata ta jefa a jaka. Ya dubi ƙirjinta, ya dubi fuskarta, ya sake duban ƙirjin. Sai ya miƙe tsaye a ruɗe.

"Baiwar Allah, don Allah ko kin ga Sista Tolman? Tare muka zo. Ba a yarda mu rabu ba."

Wannan karon ba tsokana ba ce. Karleen ta toshe baki ta fita da gudu. Nedra ta dubi shugaban, irin kallon da duk Rigby ta san ba a musu da shi, ta zaro bajon ta mayar a ƙirjinta. Verl ya karanta, ya sauke ajiyar zuciya, ya kama hannunta ya zauna.

Har yau tana sa shi. Da shi take murza burodi, da shi take shanya, da shi take zuwa kanti. Da farko maƙwabta sun yi gulma, wai Nedra ta ƙi yarda an sallame ta, daga baya suka gane suka yi shiru. Kowace safiya kafin ta shiga ɗakinsa da abin kari sai ta tsaya gaban madubi ta daidaita shi. Yana son ta, yana ba ta labari, ya ce bai taɓa samun abokiyar aiki kamarta ba.

Rannan tana zuba masa madara ya dubi taga, sannan ya ce, "Sista Tolman, yaushe za mu gama ne mu koma gida? Matata Nedra na can ita kaɗai. Ba za ta faɗa ba, amma ba ta son zaman kaɗaici."

Ta ajiye kofin, ta gyara masa wuyan riga.

"Saura kaɗan, Dattijo," ta ce. "Ci burodinka kada ya huce."